Mulkin Shekara Dubu: Saɓanin Kiristoci Kan Ƙarshen Zamani, Da Abin Da Ya Taɓa Faruwa A Ƙasar Gwandu

Ana cikin watan Satumbar 2025, ɗan ƙanwata da ke karatu a wata babbar makaranta a Birnin Kebbi ya kira ni da daddare. Bayan gaisuwa sai ya ce: "Kawu, wai da gaske ne Kiristoci sun ce jibi duniya za ta tashi?" Abin da ya jawo tambayar wani faifan bidiyo ne da ya karaɗe TikTok a lokacin. A cikinsa wani mai wa'azi ɗan Afirka ta Kudu ya yi iƙirarin cewa an nuna masa ranar 23 ko 24 ga watan ce za a ɗauke masu bin Yesu daga doron ƙasa zuwa sama, abin da Kiristoci masu jin Hausa ke kira fyaucewa.

Da muka ci gaba da hira na fahimci ba ranar ce ta ɗaure masa kai ba. Kiristoci uku ne a layin ɗakinsu, kuma a gabansa suka raba dare suna gardama. Ɗan Zuru ya ce fyaucewa gaskiya ce, tana nan tafe, amma duk wanda ya yanka mata rana maƙaryaci ne. Ɗan Katolika ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa jin fada ya koyar da ita ba. Na ukun ya ce akasarin ayoyin da suke jayayya a kai sun cika tun shekara kusan dubu biyu da suka wuce. Kowa ya buɗe littafi iri ɗaya a wayarsa, kowa ya fito da ma'ana daban. Yaron ya taso yana zaton bakin Kiristoci ɗaya ne a kan komai.

Na ce masa wannan gardama ta girmi zuwan Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, da fiye da shekara ɗari huɗu. Kuma ya kamata Musulmi ya san ta, domin mu ma muna jiran saukowar Annabi Isa, Alaihis Salam, muna ambaton Dujal da Yajuju da Majuju da busa ƙaho. Sunayen sun yi kama, shi ya sa a majalisun Argungu da Jega da Kalgo ake ta tura wa juna faifan da aka ɗauko ginshiƙinsa daga wa'azin wani fasto Ba'amurke, aka ɗora masa muryar Hausa, aka liƙa masa hadisi ɗaya a ƙarshe. Wanda bai san inda kayan suka fito ba zai saye su a matsayin nasa.

Ayoyin da suka haifar da rigimar

Tushen maganar yana cikin littafin ƙarshe na Sabon Alkawari, wanda tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 ta kira Ru'ya ta Yohanna, wadda ta biyo bayanta kuma ta kira Wahayin Yahaya. An rubuta shi wajen ƙarshen ƙarni na farko, lokacin da Kiristoci ke shan wuya a hannun Rumawa. A babi na 20 an ambaci shekara dubu sau shida cikin ayoyi shida, kuma babu wani wuri a Sabon Alkawari da ya sake faɗin wannan adadi a matsayin tsawon wani mulki. Abin da babin ya ƙunsa, a taƙaice, shi ne za a ɗaure Shaiɗan shekara dubu, waɗanda aka kashe saboda bangaskiyarsu za su rayu su yi mulki tare da Almasihu, kuma wannan ne aka kira tashin matattu na farko. Sauran matattu sai wa'adin ya cika. Daga nan a saki Shaiɗan ya tara Yajuju da Majuju, wuta ta sauko ta cinye su, sannan a yi hisabi na ƙarshe.

Tambayar da ta raba su ita ce wadda kowane ɗalibin tafsiri ya sani: a bar lafazi a zahirinsa, ko a yi masa tawili?

Manyan marubutan Kirista na ƙarni na biyu, irin su Fafiyas da Justin Shahidi da Ireniyus, sun ɗauke shi a zahiri. A wurinsu Almasihu zai dawo da jikinsa, salihai su tashi daga kaburbura, a gina Ƙudus, a yi mulkin adalci na shekara dubu a wannan ƙasa da muke takawa. Ireniyus ya ruwaito daga Fafiyas siffar albarkar wancan zamani, inda kuringar inabi guda za ta fitar da rassa dubu goma. Mai karatun Sahihu Muslim ba zai rasa tuna hadisin Nawwas ɗan Sam'an ba, wanda ya siffanta albarkar ƙasa bayan halakar Yajuju da Majuju har jama'a guda su ƙoshi da rumman ɗaya, su sha inuwa a ƙarƙashin ɓawonsa. Amma shi kansa Justin ya yarda cewa akwai Kiristoci na ƙwarai a zamaninsa da ba su tafi a kan wannan fahimta ba.

Abin da ba kasafai ake faɗa ba shi ne 'yan Afirka ne suka juya akalar muhawarar. Orijin na Iskandariyya ya ga cewa jiran mulkin ci da sha a duniya raina maganar Allah ne, ya karkata ga tawili. A tsakiyar ƙarni na uku, jama'ar yankin Fayyum a ƙasar Masar suka riƙe littafin wani bishop nasu mai suna Nefos da ya kare ma'anar zahiri, har majami'u suka dare. Bishop na Iskandariyya, Diyonisiyus, ya tashi takanas ya je wurinsu, ya zauna da malamansu kwana uku daga safe zuwa yamma ana bin hujja ɗaya bayan ɗaya, har jagoran ɗaya ɓangaren ya sallama a gaban jama'a. Na daɗe ina sha'awar wannan labari, musamman idan na dubi yadda muƙabala ke ƙarewa a wurinmu yanzu, kowa ya koma gida da yankakken faifan da ke nuna shi ne ya yi nasara.

Wanda ya rufe ƙofar na tsawon ƙarnoni shi ne Ogastin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a shekarar 430. Da farko shi ma ya riƙi ra'ayin zahiri, daga baya ya bar shi. A babban littafinsa, Birnin Allah, ya ce shekara dubu adadi ne na cika, yana nufin dukan zamanin da ke tsakanin zuwan Almasihu na farko da dawowarsa. Ɗaure Shaiɗan shi ne hana shi toshe yaɗuwar bishara. Tashin farko na ruhi ne, wato rayuwar zuciya da bangaskiya, tashin jiki kuwa sau ɗaya ne, na kowa da kowa, a ranar ƙarshe. A kan wannan cocin Katolika ta zauna har yau, kuma a 1944 fadar Fafaroma ta fitar da hukuncin cewa ba a amince a koyar da mulkin shekara dubu na zahiri ba. Ɗalibin Katolikan nan na Birnin Kebbi bai yi ƙarya ba da ya ce bai taɓa jin fyaucewa a cocinsu ba.

Su ma jagororin Furotesta na farko sun bi Ogastin, kuma abin da ya faru a garin Munsta na Jamus ya ƙara musu tsoro. A 1534 wasu masu jiran ƙarshen zamani suka ƙwace garin, suka kira shi Sabuwar Urushalima, ɗaya daga cikinsu ya naɗa kansa sarki. A shekara mai zuwa aka murƙushe su bayan yunwa da zubar da jini. Daga baya wani ra'ayi na uku ya yi tashe a Ingila da Amurka, na masu cewa bishara da ilimi za su gyara duniya sannu a hankali har a shiga zamanin zinariya, sai bayansa Almasihu ya dawo. Yaƙin Duniya na Farko, inda ƙasashen Kirista suka kashe miliyoyin 'ya'yan juna, ya sanyaya gwiwar masu wannan fata ƙwarai.

Fyaucewa, da yadda ta iso ƙasarmu

Fyaucewar da ta tayar da hankalin yara a TikTok ƙaramar ƙanwa ce a cikin waɗannan ra'ayoyi. Wanda ya tsara ta shi ne John Nelson Darby, limamin cocin Angilika a Ailan wanda ya fice daga cocin, a shekarun 1830. Ya raba dawowar Almasihu gida biyu. Da farko zai zo a ɓoye ya ɗauke masu bi, matattunsu da rayayyunsu, bisa wata aya a wasiƙar Bulus ta farko ga Tasalonikawa, babi na 4. Sai a yi shekara bakwai na babban tsanani ƙarƙashin magabcin Almasihu, adadin da ya ciro daga makonni saba'in na littafin Daniyel. Sannan ya dawo a bayyane, a yi yaƙin Armagedon, a kafa mulkin shekara dubu. A wannan lissafi tashin matattu ya zama hawa-hawa: wasu lokacin fyaucewa, wasu bayan tsanani, kafirai kuma bayan shekara dubun. Ko a tsakanin mabiyan tsarin akwai masu cewa fyaucewa kafin tsanani ce, wasu a tsakiyarsa, wasu a ƙarshensa. Masu suka daga cikin Kiristoci suna tambaya: in haka nassin yake nufi, yaya aka yi shekara dubu da ɗari takwas babu wanda ya karanta shi haka a fili?

Abin da ya yaɗa koyarwar shi ne bugun Littafi Mai Tsarki mai sharhi na Scofield, wanda ya fito a 1909. Sharhin yana ƙasan nassi a shafi ɗaya, har mai karatu ya kasa bambance matani da hashiya. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san haɗarin wannan.

Ta hanyar 'yan mishan ta shigo ƙasar Hausa. A babi na 24 na Linjilar Matiyu akwai ayar da ke nuna sai an yi wa'azin bishara ga dukan al'ummai sannan ƙarshe ya zo. Wasu matasa a Amurka da Kanada da Birtaniya suka fahimci cewa kowace ƙasar da bishara ba ta kai ba tana jinkirta dawowar Almasihu, kuma babban yankin da ya rage a taswirarsu shi ne abin da suke kira Sudan, daga kogin Kwara zuwa kogin Nilu. A Disambar 1893 mutum uku suka sauka a Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin shekara ta zagayo biyun farko sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya rayu ya kafa ƙungiyar SIM, wadda ta buɗe tasharta ta farko a Patigi a 1902, kuma daga cikinta cocin ECWA ta fito a 1954.

Sai dai ƙofar masarautu ba ta buɗe musu da wuri ba. Bayan cin Sakkwato a Maris na 1903, Lugga ya yi alkawarin gwamnati ba za ta shiga harkar addini ba, kuma shekaru da dama Turawan mulki suna hana 'yan mishan zama a garuruwan Musulmi. Sai a shekarun 1930 aka ba su damar buɗe wuraren jinyar kutare, irin na Amanawa kusa da Sakkwato. Shi ya sa aikin mishan a yankin da yanzu ya zama Jihar Kebbi ya fi kafuwa a kudu, ƙasar Zuru da Yawuri, inda mishan ɗin da ya haifi cocin UMCA ya yi aiki. Kiristocin Birnin Kebbi da Argungu galibi daga can suka zo, ko daga kudancin ƙasar nan, da aikin gwamnati ko kasuwanci ko karatu, musamman bayan ƙirƙiro jihar a 1991. Kowa ya zo da abin da cocinsa ta koya masa. Cocin Deeper Life da Assemblies of God, misali, sun rubuta fyaucewa da mulkin shekara dubu cikin jerin aƙidunsu. Shaidun Jehobah da ke ƙwanƙwasa ƙofa da mujallu suna cewa Yesu ya fara sarauta a sama tun 1914 ba tare da ido ya gani ba, kuma mutum 144,000 ne kaɗai za su yi mulki tare da shi a can, maganar da sauran Kiristoci ba su yarda da ita ba. Akwai kuma ra'ayin ɗalibi na uku, na masana da ke cewa yawancin annabcin ya cika lokacin da Rumawa suka rushe haikalin Ƙudus a shekara ta 70, kuma lambar nan 666 da ake tsorata mutane da ita lissafin haruffan sunan sarki Nero ne da rubutun Ibrananci. Wanda ya san abjadi ba zai yi mamakin irin wannan lissafi ba.

Inda maganar ta taɓa siyasa

Da a ce gardamar ta tsaya a zauren karatu, da ba mu cika wannan shafi da ita ba. Darby ya koyar da cewa Isra'ila da coci al'ummai biyu ne daban a shirin Allah, kuma alkawuran ƙasa da aka yi wa Bani Isra'ila za su cika a zahiri kafin ƙarshe. Da aka kafa ƙasar Isra'ila a 1948, ta kuma mamaye gabashin Ƙudus a 1967, mabiyansa suka ga agogon annabci ya fara tafiya. Littafin da Hal Lindsey ya fitar a 1970 a kan haka ya sayu miliyoyi, haka ma jerin littattafan ƙagaggun labarai kan fyaucewa da suka fara fita a 1995. Wannan fahimta ce ke bayan goyon bayan da miliyoyin masu jefa ƙuri'a a Amurka ke ba Isra'ila ido rufe. Ranar 14 ga Mayun 2018, da aka buɗe ofishin jakadancin Amurka a Ƙudus, fastoci biyu daga wannan makaranta, Robert Jeffress da John Hagee, su suka yi addu'a a wurin bikin. Jajayen shanu biyar da aka kai Isra'ila daga jihar Texas a 2022, waɗanda labarinsu ya cika wayoyinmu, suna da alaƙa da burin masu son sake gina haikali, kuma wasu Kiristocin Amurka ne suka taimaka aka samo su.

Adalci ne a faɗi ɗaya rabin labarin. A Agustan 2006 shugabannin majami'u a Ƙudus, ciki har da babban limamin Katolika na lokacin, Michel Sabbah, wanda Bafalasɗine ne, sun fitar da sanarwar yin tir da wannan koyarwa, suka ce ta karkatar da saƙon littafinsu. Kiristan Baitalami da aka ƙwace wa gona ba ya ganin cikar annabci a cikin asararsa. Don haka wanda ya tare maƙwabcinsa Kirista a kasuwar Argungu ya ɗora masa laifin Hagee, zai yiwu yana magana ne da mutumin da cocinsa ta daɗe da yin watsi da Hagee.

Abin da ke hannunmu

Musulmi ba shi da buƙatar ya zaɓi ɓangare a wannan gardama. Suratun Nisa'i, aya ta 157 zuwa 159, ta kore kashe Annabi Isa da gicciye shi, ta tabbatar da ɗaukaka shi. Hadisan Bukhari da Muslim sun tabbatar da saukowarsa a matsayin shugaba mai adalci da zai yi hukunci da shari'ar Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallama. Hadisin Nawwas ya ambaci farar hasumiya a gabashin Dimashƙa da kashe Dujal a ƙofar Luddu. Tsawon zamansa a ruwayar Abu Dawuda shekara arba'in ne, daga nan ya rasu kamar kowane ɗan Adam, Musulmi su yi masa salla. Babu shekara dubu a ingantaccen nassi, babu ɗauke muminai a ɓoye kafin fitina. Busa biyun da Suratuz Zumar ta ambata a aya ta 68 ba tashi biyu ba ne, ta farko ta sumewa ce, ta biyu ta tashin kowa. Kuma babban bambancin yana nan daram: su suna jiran wanda suke bauta wa, mu muna jiran bawan Allah kuma manzonSa.

Game da labaran Ahlul Kitabi da nassinmu bai gaskata ba bai kuma ƙaryata ba, hadisin Bukhari ya umarce mu da kamewa. Game da lokacin tashin Alƙiyama kuwa, Suratul A'arafi aya ta 187 da ƙarshen Suratu Luƙman sun keɓe saninsa ga Allah. Kiristoci ma suna da makamanciyar wannan a Linjilar Markus, babi na 13, kuma da ita suke ƙaryata masu yanka rana. Hakan bai hana William Miller da mabiyansa jiran 22 ga Oktoban 1844 ba, bai hana Harold Camping cika allunan talla da 21 ga Mayun 2011 ba.

Kafin mu yi musu dariya, sai mu leƙa namu rumbun. Tsohon ra'ayin da ke cewa kwanakin halitta shida suna nufin shekara dubu shida, na bakwai kuma shi ne dubun hutu, yana cikin rubuce-rubucen Kiristocin farko. Ɗan'uwansa ya shigo littattafanmu a matsayin ruwayar cewa rayuwar duniya shekara dubu bakwai ce, ruwayar da Ibn Kasir da wasu masana hadisi suka ce ba ta inganta ba. A kanta ne Imam Suyuɗi, duk da girman iliminsa, ya gina wata ƙaramar risala a shekara ta 898 bayan Hijira, don ya kwantar da hankalin masu tsoron duniya za ta tashi a shekara ta 1000. Ya ce wa'adin al'umma zai wuce dubu, amma ba zai kai 1500 ba. Ya kuma lissafa cewa manyan alamomi, daga bayyanar Dujal zuwa busa ta biyu, suna buƙatar shekara ɗari biyu. Da lissafin ya yi daidai, da sun fara tun kafin 1300. Mun haura 1440 da 'yan kai.

Wannan risala ta yi tasiri sosai a ƙasar Hausa. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun rayu ne a ƙarni na goma sha uku na Hijira cike da tsammanin Mahadi, har wasu suka ce Shehun ne. Ya musanta da bakinsa da alƙalaminsa, ya nuna cewa siffofin da hadisai suka ambata na nasaba da mahaifa ba su dace da shi ba, ya kuma rubuta littafin Tahzirul Ikhwan don gargaɗin masu da'awar Mahadiyya. Gargaɗin bai kashe tsammanin ba. Da shekara ta 1300 ta matso, Muhammad Ahmad ya ayyana kansa Mahadi a Sudan a 1881, kuma jikan Sarkin Musulmi Bello, Hayatu ɗan Sa'idu, ya yi masa mubaya'a daga Adamawa. Ranar farko ta 1400, wato 20 ga Nuwamban 1979, Juhaiman da mutanensa suka mamaye Masallacin Harami da sunan wani Mahadin.

Amma wanda ya fi kusa da mu shi ne Satiru, ƙauyen da ke kudu maso yamma da Sakkwato, tafiyar da ba ta kai yini ba. A 1904 wani malamin garin, Maikaho, ya yi da'awar Mahadiyya, aka kama shi, ya rasu a tsare. Ɗansa ya gaje shi, sunansa kuwa Isa, kuma a idon talakawa da bayin da suka gudo suka taru a garin, jerin ya yi daidai da abin da suka ji a wa'azi: bayan Mahadi sai Isa. Sai ga wani malami makaho, Shu'aibu Ɗan Makaho, ya iso daga ƙasar Zabarma, yamma da Argungu, inda ya riga ya tayar wa Faransawa da hankali. Ranar 14 ga Fabrairun 1906 mutanen Satiru, da gatura da fartanya da kibau, suka fatattaki rundunar sojan doki, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. Malam Isa bai daɗe ba bayan wannan karo ya rasu.

Ba a yi wa Satirawa adalci ba idan aka ce jahilci kaɗai ya tura su. Mutane ne da suka ga an ci daular Musulunci shekara uku kacal da suka wuce, an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, haraji ya ƙaru, sarakuna sun koma ƙarƙashin Nasara. Wanda ke cikin irin wannan hali, in aka ce masa Dujal ya bayyana, ba ya neman dogon isnadi. Haka Kiristocin da aka fara rubuta wa Wahayin Yahaya suke a ƙarƙashin Rum, haka talakawan Munsta. Sai dai alamar da aka ɗora a kan mutumin da ba shi ba ne, jinin talaka take ci. Ranar 10 ga Maris aka dawo da manyan bindigogi, tare da dakarun Sarkin Musulmi Attahiru na biyu. An kashe mutum kusan dubu biyu, aka kwashe mata da yara, aka baje garin, aka hana sake zama a wurin. Ɗan Makaho aka yanke masa hukuncin kisa a Sakkwato.

Girgizar ta iso har ƙasar Gwandu. Turawa suka zargi Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru da karkata ga 'yan Satiru, suka tuɓe shi a wannan shekara ta 1906, suka naɗa Haliru Abdu. A zamaninsa ne fadar masarautar ta zauna a Birnin Kebbi, garin da Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci a 1805 kafin Kabawa su kafa sabuwar hedikwatarsu a Argungu. Da na kawo nan a hirarmu, ɗan ƙanwata ya yi shiru, sannan ya ce kullum yana wucewa ta ƙofar fadar in zai shiga kasuwa, amma ko sau ɗaya ba a taɓa ambata masa sunan Satiru a aji ba.